Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Matar Shunem

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-37, 8:1-6
Ayar haddacewa: Misalai 31:25

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan ya san yadda ake kwanciya ba a san da me gari zai waye ba. A shekarar 2020 annobar korona ta sa aka rufe majami'u da makarantu da kasuwanni. A farkon 2023 takardun naira suka yi wuya, har mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. A watan Mayu na shekarar 2023 aka cire tallafin man fetur, mudun hatsi ya tashi. Ga kuma iyalai a Borno da Adamawa da Filato da Binuwai da kudancin Kaduna waɗanda tashin hankali ya raba su da gonakinsu. Ranar da tukunya ba ta hau murhu ba, fuskar uwa yara suke fara duba. Ita kuma ina za ta duba?

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wata mace wadda ta ga wadata, ta ga mutuwar ɗa, ta yi gudun hijira, ta dawo ta tarar gidanta ya fita daga hannunta. Ba a faɗi sunanta ba, da sunan garinta ake kiranta, wato Shunem, a kwarin Yezreyel. Ta yi zamani da annabi Elisha, sama da shekara 800 kafin haihuwar Ubangijinmu. Abin da za mu koya daga wurinta shi ne, ƙarfin da mace take tsayawa da shi a ranar wahala, tun ana zaune lafiya ake tara shi.

1. Ta yi gini tun ana zaune lafiya (4:8-17)

Matar nan mai dukiya ce. Elisha yakan ratsa ta garinsu, ita kuwa ta matsa masa ya riƙa tsayawa yana cin abinci. Da tafiya ta yi tafiya, ta gane cewa baƙon nan mutumin Allah ne na gaske. Sai ta shawarci maigidanta suka gina masa ɗan ɗaki a bisa soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Mu lura, ita ce ta fara ganewa, ita ce kuma ta kawo shawarar, amma ba ta yi gaban kanta ba. Maigidan shi ma bai ce maganar mace ce ba, ya saurara.

Akwai wata 'yar magana a aya ta 23 wadda ake yawan tsallakewa. Ranar da ta nemi tafiya wurin annabin, maigidanta ya yi mamaki domin ba ranar tsayawar wata ba ce, ba kuma Asabar ba. Ashe a irin waɗannan ranaku ta saba zuwa jin maganar Allah. Hanyar Dutsen Karmel ba baƙuwa ba ce a gare ta. Shi ya sa da masifa ta auku ba ta tsaya tambayar hanya ba.

Sa'ad da Elisha ya so ya sāka mata, ya tambaya ko a yi magana da sarki ko da shugaban sojoji a madadinta, ta nuna ba ta bukata, zama cikin danginta ya ishe ta. Ba ta yi alherin domin a biya ta ba. Ɗan da aka ba ta daga baya ma ba ita ta roƙa ba, kyauta ce daga Allah.

2. Ranar da yaron ya mutu (4:18-37)

Yaron ya yi wayo, ya bi mahaifinsa gona lokacin girbi, ya yi kukan ciwon kai. Aka kai shi wurin uwarsa, ta riƙe shi a cinya har tsakar rana, ya cika. A nan ne za mu ga abin da shekarun baya suka gina a cikinta. Ta ɗauki gawar ta hau da ita ɗakin nan da ta gina wa baƙo, ta kwantar a gadon annabin, ta rufe ƙofa. Ɗakin da ta gina domin wani, shi ya zama mafakarta. Ta nemi jaka da bara guda, ta kama tafiya ta sama da kilomita 20, ta kuma gargaɗi baran kada ya sassauta.

Da Gehazi, baran Elisha, ya tarye ta yana tambayar lafiyarta da ta maigida da ta yaro, ta ba shi irin amsar da matanmu suke bayarwa kullum idan an tambaye su gida. Amma da ta iso wurin annabin, ta kama ƙafafunsa ta zube abin da ke cikin zuciyarta duka, har da ƙorafi, gama ta tuna masa cewa ba ita ta roƙi ɗa ba, ta kuma ce tun farko kada a ruɗe ta. Elisha bai tsawata mata ba. Gehazi ne ya hana, wanda ya so ya ture ta.

'Yan'uwa mata, a nan akwai darasi biyu. Na fari, ba kowa ake buɗe wa ciki ba, mace mai hikima ta san inda za ta kai kukanta. Na biyu ya fi nauyi. Da yawa cikin iyayenmu mata sun ƙware wajen cewa lafiya lau, amma ba su taɓa isa Karmel ba. Suna ɗauke da nauyi shekara da shekaru, ba su faɗa wa Allah a fili ba, ba su faɗa wa wata amintacciyar 'yar'uwa ba, har hawan jini ya kwantar da su. Shiru irin wannan ba shi ne bangaskiya ba. Mai bangaskiya tana iya yin kuka a gaban Ubangiji, ta kuma ƙi tashi. Haka matar nan ta yi: da aka aiki Gehazi da sanda, ta rantse ba za ta rabu da annabin ba sai ya bi ta. Sandan bai yi komai ba. Sai da Elisha ya shiga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya yi addu'a, sa'an nan yaron ya yi atishawa sau bakwai ya buɗe ido.

3. Shekara bakwai a baƙuwar ƙasa (8:1-6)

Da labarin ya ƙare a nan, da mun ce wanda Allah ya yi wa al'ajibi sau ɗaya ya gama shan wuya. Ba haka ya zama ba. Elisha ya faɗa mata yunwa tana zuwa ta shekara bakwai. Ta kwashi iyalinta ta tafi ƙasar Filistiyawa. Mai saukar da baƙi ta zama baƙuwa. Da ta dawo, gida da gona sun fita daga hannunta, ba a kuma ƙara ambaton maigidanta ba.

Matar da a dā ba ta bukatar a yi mata magana da sarki, yanzu ita ce da ƙafarta ta tafi fada neman hakkinta. Ta iso daidai lokacin da Gehazi yake ba sarki labarin yaron da aka tashe shi daga matattu. Sarki ya tambaye ta, ta ba da shaida da bakinta, ya kuwa sa wani ma'aikacinsa ya mayar mata da dukan abin da yake nata, har da amfanin gonar tun daga ranar da ta tashi.

Neman hakki ba rashin tawali'u ba ne. Gwauraye da yawa a cikinmu dangin miji sun karɓe musu gona ko gida tun ba a share makoki ba, sun yi shiru domin suna tsammani haka mai bi ya kamata ta yi. Matar Shunem ba ta ɗauki makami ba, ba ta yi zagi ba, amma ta je inda ake shari'a ta buɗe baki. A ƙasarmu ma, a shekarar 2014, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga al'adar ƙasar Ibo, cewa hana 'ya mace gadon mahaifinta ya saɓa wa tsarin mulki. Ya kamata kowace Zumuntar Mata ta san wannan.

4. Idan yaron bai tashi ba fa?

Dole mu yi wannan tambaya, gama wasu masu karatun nan sun yi addu'a kamar matar Shunem, duk da haka sun binne 'ya'yansu. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikkilisiyar EYN. Wasu sun dawo, wasu iyaye kuwa sun rasu ba su sake ganin 'ya'yansu ba. Wa zai ce bangaskiyar waɗannan iyaye ce ta kasa?

Mu karanta Ibraniyawa 11:35. Aya guda ce ta ambaci matan da aka mayar musu da matattunsu da rai, ta kuma ambaci waɗanda suka sha azaba ba a kuɓutar da su ba. Dukansu an lasafta su cikin jaruman bangaskiya. Allah bai yi alkawari kowane labari zai ƙare kamar na Shunem a wannan duniya ba. Alkawarin da muke da shi shi ne tashin Yesu Almasihu daga matattu, da kasancewarsa tare da mu har matuƙa.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yar'uwa, ki keɓe lokaci da wuri domin Maganar Allah kowace rana, ko da minti goma sha biyar ne kafin yara su farka. In ba ki iya karatu ba, ki shiga ajin yaƙi da jahilci, shekaru ba sa hanawa. Ki samu 'yar'uwa ɗaya ko biyu da za ki iya faɗa musu gaskiyar halin da kike ciki. Ki koyi sana'a, ki riƙe adashi da aminci, ki kuma san inda takardun gida da na gona suke.

Maigida, matarka tana iya ganin abin da kai ba ka gani ba. Ka saurare ta, kada ka hana ta zuwa zumunta, ka rubuta wasiyya tun kana da ƙarfi. Fastoci da dattawa, kada mu zama kamar Gehazi mai ture mai kuka daga bakin ƙofa. Idan gwauruwa za ta je gaban mai unguwa ko kotu, kada ta tafi ita kaɗai.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me aya ta 23 ta nuna mana game da rayuwar matar Shunem kafin masifa ta zo?
2. Ina bambanci tsakanin riƙe sirri da ɓoye ciwo?
3. Wace gwauruwa ko 'yar gudun hijira ce iyalinmu za su tsaya mata a wannan wata?

Addu'a

Ya Uba na sama, ka koya mana mu neme ka tun muna zaune lafiya, domin mu san hanyar zuwa wurinka a ranar wahala. Ka ƙarfafa iyayenmu mata da gwauraye da dukan waɗanda suka bar gidajensu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.