Wanda Aka Bari Wurin Tumaki

Karatunmu yana cikin littafin Sama'ila na fari, sura 16. Ubangiji ya aiki annabi Sama'ila zuwa Baitalami, gidan Yesse, domin ya shafa wa sabon sarki mai. 'Ya'ya bakwai suka wuce a gabansa, ƙarfafa, masu kwarjini, amma ba ko ɗaya da Ubangiji ya zaɓa. Sai da annabin ya tambaya kafin aka tuna da autan, Dawuda, wanda aka bari a jeji yana kiwo. Uban da ya haife shi ma bai ga dalilin kiransa gida ba. Haka Amos makiyayi ne daga Tekowa, Bitrus kuma masunci.

Mun saba jin waɗannan labarai har sun daina ba mu mamaki. To, bari mu dawo nan gida Kakau.

A daren 8 ga Janairu, 2020, 'yan bindiga suka shiga Babbar Seminari ta Makiyayi Mai Kyau da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo da ransu. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan Dayosis na Sakkwato, shi ne ƙaraminsu, shekarunsa 18. Maraya ne, kakarsa ce ta rene shi. Bai daɗe da soma karatu ba. Ba a naɗa shi firist ba, bai taɓa miƙa hadayar Misa ba. Da a ce an tambaye mu wanda zai shaida Bishara a madadin makarantar, da mun nuna malamai, ko manyan ɗalibai masu jiran naɗi. Ba wanda zai nuna sabon shiga.

An sami gawarsa a farkon Fabrairu. Bayan watanni, da aka kama mutumin da ya amsa cewa shi ya kashe shi, ya faɗa wa 'yan jarida dalilinsa: yaron bai bar shi ya huta ba, kullum yana yi masa wa'azin Yesu, yana ce masa ya bar mugun aikinsa. Mu lura da wannan da kyau. Michael ba shi da bagade sai daji, ba shi da jama'a sai masu tsaronsa da bindiga, shaidar aikinsa kuwa daga bakin maƙiyinsa ta fito.

Ba muna cewa Allah ya so wannan kisa ba ne. Mugunta ce, kuma a ranar jana'izarsa, 11 ga Fabrairu, Bishop Matthew Hassan Kukah bai ɓoye ɓacin ransa ba, ko da yake ya gargaɗe mu a kan ramuwa. Abin da muke cewa shi ne, kiran ya riga naɗin zuwa. Tun ranar baftismarsa yake ɗauke da shi, kamar kowannenmu.

Nan ne darasin yake taɓa mu. Idan Fada ya nemi mai koyar da katekizim a ƙaramin cocin ƙauye, ko Zumuntar Mata ta nemi mai ziyarar marasa lafiya, sai mu sunkuyar da kai: wannan bai yi boko ba, wancan yaro ne, waccan gwauruwa ce. Wani lokaci ma mu ne Yesse, muna jera masu kuɗi da masu muƙami a kwamitin coci, mu manta da na wurin tumaki. A taronmu na gaba, kafin a rufe sunaye, shugaba ya yi tambayar Sama'ila, ko akwai wanda ba a kira ba tukuna, a kuma jira har ya iso.