Yadda Ake Sarin Man Zafi a Kai Shi Garuruwan Kudancin Kano

Da zarar damina ta kankama, cinikin man zafi ya buɗe. Manomin shinkafa a Tudun Wada, masunci a madatsar ruwan Tiga da ke Bebeji, mai noman masara a Doguwa, kowa na komawa gida da ciwon baya ko na gwiwa. Mai kemis da ke son yin wannan sana'a tsakani da Allah, ga hanyar da zai bi.

Da farko, sari. Tun 2024 hukumar NAFDAC da hukumar PCN mai ba masu sayar da magani lasisi suka tashi diloli daga Sabon Gari zuwa kasuwar magani ta Dangwauro, a kan titin Zariya. Can za ka nufa. Kayan iri biyu ne: masu ɗumi irin su Robb da Aboniki, waɗanda ake haɗawa da mantol da kafur, sai masu sinadarin diclofenac da ake matsowa kamar man goge baki. Ka fi ɗibar ƙananan gwangwanaye, domin su ne daidai aljihun mutumin ƙauye.

Na biyu, dubawa. Kafin ka biya, buɗe katan, ka zaro ɗaya daga tsakiya, ba na sama ba. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka tabbatar rubutun jikin kwali ya yi daidai da na jikin maganin. Buɗe murfin ka shinshina: wanda ƙamshinsa ya gudu, ko ya tsinke ya yi ruwa, ajiye musu abinsu. Ka karɓi rasit.

Na uku, jigila. Mota za ta bi titin Zariya har Kwanar Dangora. Kayan Kiru da Bebeji ba su da sauran nisa daga nan, amma na Tudun Wada da Doguwa sai an karya an hau titin Jos, wanda ya ratsa dajin Falgore. Idan direban tasha za ka ba saƙo, roƙe shi ya sa katan a cikin mota, nesa da inji. Rana ce babbar abokiyar gabar man zafi: narkar da shi take yi, ya malale ya ɓata kwalaye. Ɗan acaɓar da zai ƙarasa da kayan zuwa ƙauyukan Riruwai da ke Doguwa ya naɗe su da leda saboda ruwan sama.

Na ƙarshe, talla. Ranar kasuwa za ka ji mai amsa-kuwwa yana rantsuwa cewa mansa na maganin sanyin ƙashi, shanyewar ɓarin jiki, har da basir. Kada ka bi sahunsa. Doka ta hana tallata magani ba da iznin NAFDAC ba, kuma man zafi sauƙaƙa raɗaɗi yake yi, ba ya tumɓuke cuta.

Tallan da ya fi ci shi ne bayani. Ka ce wa dattijo: "Baba, ɗan kaɗan za a shafa, ban da kan ciwo, ban da ido, a wanke hannu bayan nan." Ka gargaɗi uwa kada ta shafa wa jariri a hanci ko ƙirji, mai juna biyu kuma ta tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Wanda gaɓarsa ta kumbura da zazzaɓi, ko ake zargin karaya, ko ya yi mako yana shafawa ba sauƙi, tura shi asibiti ko da za ka rasa cinikin ranar. Lafiyarsa amana ce a hannunka, kuma shi ne zai turo maka maƙwabcinsa gobe.