Idan Wata Murya Tana Ba Shi Umarni

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Armando Favazza, ya kasa cutar da kai gida uku. Mafi muni shi ne mutum ya yi wa jikinsa lahani mai girma, wani lokaci saboda muryar da shi kaɗai yake ji.

In ɗan'uwanku ya ce ana umartar sa ya hukunta jikinsa, kada ku yi gardama da shi, kada ku sa masa mari. Ku kawar da wuƙaƙe da reza, wani ya zauna tare da shi, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a ranar: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato. A yi addu'a, amma a tafi.

In ya samu sauƙi, kada a tsayar da magani sai da izinin likita.