Musulmin Tsibiran Tawi-Tawi Da Hukuncin Salla A Kan Teku

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'umma ta Musulmi da ke zaune a ƙarshen kudancin ƙasar Filifin, da kuma abin da ya wajaba matafiyi ya sani na addininsa idan tafiya ta kai shi ƙasar da babu hanya sai ta ruwa.

Tawi-Tawi lardi ne na tsibirai masu yawa, manya da ƙanana, tsakanin tekun Sulu da tekun Selebes. Ya fi kusa da jihar Sabah ta Maleshiya a kan Manila, babban birnin Filifin. A da yana cikin lardin Sulu, sai a shekarar 1973 aka yanke shi ya zama lardi mai zaman kansa, hedkwatarsa kuwa tana garin Bongao. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura 440,000, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Tun 2019 lardin yana cikin yankin Bangsamoro, watau yankin da Musulmin kudancin Filifin ke gudanar da harkokinsu na cikin gida. Mai nufin zuwa can yakan tashi daga Manila zuwa birnin Zamboanga, daga nan kuma ya sake shiga jirgin sama, ko ya shiga jirgin ruwa ya kwana a kan teku, domin tsakanin Zamboanga da Bongao ya fi kilomita 300.

Yadda Musulunci ya isa can

Abin da mutanen tsibiran suka gada daga kakanninsu shi ne, a shekarar 1380 wani malami mai suna Shaihu Karimul Makhdum ya sauka a tsibirin Simunul cikin jirgin fatake, ya karantar da mutane, ya gina masallaci a ƙauyen Tubig Indangan. Wannan shi ake ɗauka masallaci na farko a ƙasar Filifin duka. An sha sake gininsa, amma har yanzu akwai ginshiƙai huɗu na itace da mutanen wurin ke adanawa, suna jingina su ga ginin farko. A 2013 gwamnatin ƙasar ta yi doka ta sanya masallacin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Abin lura, zamanin nan ya zo daidai da na Sarkin Kano Yaji, wanda tarihi ya ce a lokacinsa Wangarawa suka kawo Musulunci Kano. Waɗansu sun bi ayarin tudu, waɗansu sun bi jirgin ruwa, saƙon kuwa ɗaya ne.

A ƙarni na 15 aka kafa sarautar Musulunci ta Sulu a hannun Sharif Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Shariful Hashim. Sa'ad da Magellan ya iso tsibiran Filifin da jiragen Sifen a 1521, Musulunci ya riga shi da shekara 141 bisa wancan lissafi. Turawan Sifen sun kama Manila a 1571, suka yi fiye da shekara 300 suna gwabzawa da Musulmin kudu, amma ba su iya raba su da addininsu ba har Amurka ta karɓi ƙasar a 1898.

Mafi yawan mutanen Tawi-Tawi ƙabilar Sama ne, akwai kuma Tausug. Abincinsu da sana'arsu duk daga teku suke: su, da nutso, da sassaƙar jirage, da noman ciyawar teku wadda ake shanyawa a sayar wa masana'antu. A garin Sitangkai gidaje a kan turaku suke a cikin ruwa, kwale-kwale shi ne abin hawa zuwa kasuwa da masallaci. Akwai kuma reshen da ake kira Sama Dilaut, ko Bajau, waɗanda a da iyali guda kan rayu cikin jirginsu mai suna lepa, a haihu a ciki, a girma a ciki. Yanzu galibinsu sun koma gidajen kan turaku.

Hukunce-hukuncen tafiyar teku

Shari'a ba ta bar mutumin teku cikin duhu ba. Sahabbai sun shiga jirgin ruwa zuwa Habasha tun kafin hijirar Madina, kuma a zamanin Halifa Usmanu rundunar Musulmi ta ƙetare teku zuwa tsibirin Ƙubrus, a cikinta har da sahabiya Ummu Haram 'yar Milhan.

Na farko, tsarki. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa wani mutum ya kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan cewa sukan shiga teku da ruwan sha kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su. Amsar da aka ba shi ta tabbatar da hukunci biyu: ana tsarki da ruwan teku, kuma abin da ya mutu na dabbobinsa halal ne. Saboda haka wanda ke cikin jirgi ba ya yin taimama alhali yana iya ɗiban ruwan teku, kuma ba a bukatar yanka kifi.

Na biyu, alƙibla. Bahaushe ya saba ce wa alƙibla gabas, har ya kan ce wane bai kalli gabas ba in ya bar salla. A Tawi-Tawi kuwa Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Wajibi ne baƙo ya tambayi mutanen jirgi ko ya duba na'ura kafin ya kabbarta. Idan jirgi ya juya yana cikin salla, sai shi ma ya juya ya koma ga alƙibla matuƙar ya sami iko.

Na uku, tsayuwa. Tsayuwa farilla ce a sallar farilla ko a cikin jirgi. Amma in igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ko jiri ya kama mutum, ko kwale-kwalen ƙarami ne ana tsoron ya kife, to, sai ya yi salla a zaune. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar lokaci ya fita da hujjar jiran sauka a tudu.

Na huɗu, ƙasaru. A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru baridi huɗu ne, watau mil 48 na malaman fiƙihu, kimanin kilomita 80 da ɗoriya, kuma Muhtasar na Halilu ya bayyana cewa tafiyar teku tana cikin wannan hukunci. Don haka mai zuwa Bongao daga Zamboanga zai mai da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika. Har matuƙin jirgin da ke tafe da iyalinsa yana ƙasaru a wurin Malikiyya da Shafi'iyya in tafiyar ta kai nisan, Hambaliyya ne suka ce irin wannan jirginsa gidansa ne, sai ya cika. Masuncin da ke fita da asuba ya dawo da yamma kusa da gaɓa kuwa ba matafiyi ba ne.

Na biyar, haɗa salloli. A nan malamai sun saɓa. Malikiyya sun keɓe rangwamen haɗa salloli biyu saboda tafiya ga tafiyar tudu, Shafi'iyya kuwa sun halatta shi a tudu da teku. Musulmin Tawi-Tawi, kamar maƙwabtansu na Maleshiya da Indonesiya, Shafi'iyya ne. Baƙo zai ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana alƙunutun Asuba bayan ɗagowa daga ruku'u. Kada wannan ya sa shi janye jiki, sallar Bamalike bayan Bashafi'e ta inganta.

Haƙƙin da ya rage

Akwai wani al'amari da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Sama Dilaut sun daɗe suna shan kallon raini daga waɗansu maƙwabtansu mazauna tudu, saboda talaucinsu da kuma al'adun girmama ruhohin kakanni da suka saura a cikin waɗansunsu. Yaƙin da ya ɓarke a kudancin Filifin a shekarun 1970, wanda a cikinsa garin Jolo ya ƙone a 1974, ya kori dubban mutanen yankin zuwa Sabah. Da yawa daga zuriyarsu sun tashi ba su da takardar zama ɗan kowace ƙasa, rashinta kuwa yakan toshe wa yaro ƙofar makaranta.

Idan mutum bai iya alwala daidai ba domin ba a taɓa koya masa ba, laifin ya fi rataya a wuyan wanda ya sani ya ƙi zuwa. Shaihu Makhdum bai tsaya jiran mutanen tsibiri su neme shi ba, shi ya shiga jirgi ya je ya zauna da su. Wannan hukunci bai tsaya ga Tawi-Tawi ba. Duk inda aka sami Musulmi a wurin da ke da wuyar zuwa, ko tsibiri ne, ko ruga, ko zangon masunta, karantar da su farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Raina su kuwa haramun ne, domin ɗaukaka a wurin Allah da taƙawa take.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya kiyaye matafiya na tudu da na teku, ya ƙara wa Musulmi fahimtar addininsu, amin.