Ko Gaskiya ko Ƙarya: Dokoki ga Mai Koyon Rubuta Manhaja a Ɗan Kassari

Samari da 'yan matan Ɗan Kassari masu koyon Python a wayar hannu, har da ku da kuka tafi karatu Dogon Dutsi ko Jami'ar Dosso, ku tattaro hankalinku nan. Ba shawara ba ce wannan, doka ce.

Ku sani kwamfuta amsa biyu kacal ta iya: True da False, abin da malaman lakwal ke kira vrai da faux. Ba ta san "wataƙila" ba, ba ta san "sai mun gani" ba. A Python harafin farko babba ne. Wanda ya rubuta true da ƙarami, aikinsa ya tsaya cak.

Ku san mai abin. George Boole, ɗan Ingila da aka haifa a 1815, shi ya mayar da hujja lissafi a littafinsa na 1854. A 1937 Claude Shannon ya nuna a Amurka cewa makunnan lantarki na iya bin wannan lissafi. Da shi wayar da ke hannunku take aiki.

Kada ku haɗa = da ==. Guda ɗaya ajiya ce, biyu tambaya ce.

Kada ku ɗauka or daidai take da "ko" ɗin bakinku. In uwar gida ta ce ko fura ko tuwo, ɗaya za ka zaɓa. Kwamfuta kuwa, in duka biyun gaskiya ne, True za ta ba ka ba gardama. Ita or ba ta ƙarya sai kowane ɓangare ya zama ƙarya, and kuma ba ta gaskiya sai kowane ɓangare ya tabbata. Not juyawa kawai take yi.

Ga inda aka fi faɗuwa, don haka ku natsu. A ce an ba ka aikin bankin hatsi na ƙauye, wanda ke buɗe rumbu a Yuli da Agusta, lokacin da geron gida ya ƙare, sabo bai nuna ba. Sai ka rubuta wata == 7 or 8. A kunne daidai ne, amma Python ba ta sake kwatanta 8 da wata, kallonta take yi ita kaɗai, kuma duk lambar da ba sifili ba gaskiya ce a wurinta. Ke nan rumbunka a buɗe yake har a Janairu, kuma ba saƙon kuskure da zai fito ya farkar da kai. Hatsin jama'a ya tafi, manhaja na ta aikinta lafiya lau. Ka rubuta wata == 7 or wata == 8, ko da yatsa zai gaji.

Kada ku yarda da abin da input ta kawo. Rubutu take dawowa da shi, kuma rubutun "0" gaskiya ne, haka ma "False" mai alamar zance. Rubutun da ba komai ciki ne kaɗai ƙarya. Ku mayar da shi lamba da int tukuna.

Kada ku cakuɗa and da or ba baka. Python na fara duba not, sannan and, sannan or. Kun haddace? Madalla. Duk da haka ku sa baka, don wanda zai gaji aikinku ba ya cikin kanku.

Ku yi hattara da korewa. Sharaɗi shi ne mutum yana da kati kuma ya biya. Kishiyarsa ba "ba shi da kati kuma bai biya ba" ba ce, "ba shi da kati ko bai biya ba" ce. Dokar De Morgan ke nan: in not ta shiga, and ta koma or.

Ku sa mai gadi a gaba: buhu != 0 and kudi / buhu > 15000. In na farko ƙarya ne, Python ba ta ko leƙa na biyu, ka tsira daga raba kuɗi da sifili. Juya su, ran da buhu ya ƙare manhaja ta mutu.

Kada ku taɓa waya kafin takarda. Ku zana jadawalin gaskiya da alƙalami: sharaɗi biyu layi 4, uku layi 8, huɗu layi 16. Ba ya cin caji, ba ya jiran intanet. Sannan ku gwada kan iyaka: in dokar ta ce shekara 18, ku shigar da 17, da 18, da 19, ku ga ko > kuka rubuta a inda ake son >=.