Darasi Don Uwargida: Romon Ƙashi

'Yan'uwa mata, nama ya yi tsada. Ko a nan Kontagora, inda shanu ba su yi mana nisa ba, ga kuma kasuwar shanu ta Mariga a cikin masarautarmu, gidaje da yawa sukan yi mako ba su ɗora tukunyar nama ba. Abin da hannu ke kaiwa a teburin mahauci shi ne ƙashi. Saboda haka darasinmu na wannan fitowa zai duba yadda ake fitar da romo mai kyau daga ƙashi, da kuma iyakar amfaninsa ga jiki, musamman jikin ƙananan yara.

Ba kowane ƙashi ne ke ba da romo iri ɗaya ba. Dogon ƙashin cinya ɓargo ne a cikinsa, romonsa kuwa maiƙo ne da daɗi. Ƙafar sa, da gwiwa, da wutsiya, su ne masu guringuntsi da jijiya, kuma su ke sa romo ya yi kauri har ya daskare idan ya huce. Dalili shi ne, doguwar dahuwa tana narkar da jijiyar ta koma wani abu mai danƙo da ake kira jelatin. Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ƙafafun sa ake nema idan za a yi wa mai jego ƙauri. A haɗa iri biyun idan hali ya yi. A kuma saya a wurin mahaucin da aka san inda yake yanka. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gonar dabbobi kusa da Suleja, a jiharmu ta Neja, hukuma kuma ta gargaɗi jama'a su guji naman dabbar da aka yanka tana ciwo ko ta mutu da kanta. Arahar irin wannan ƙashi ba riba ba ce.

Ga kilo 1 na ƙashi, a zuba ruwa kamar lita 3. A fara da ruwan sanyi. Sa'ad da ya soma tafasa, kumfa mai duhu za ta taso, sai a kwashe ta da ludayi. Daga nan a janye itace, a bar tukunya a kan garwashi tana motsi a hankali. Wuta mai ƙarfi ba ta gaggauta kome, sai dai ta ƙone ruwan ta kuma gauraya kitse da romo ya yi duhu. Ƙashin sa yana bukatar awa 4 zuwa 6, na kaza awa 2 ko 3, kan kifi kuwa minti 40 ya isa. Albasa, citta, tafarnuwa, masoro da daddawa su shiga a awa ta ƙarshe, gishiri kuma sai an kusa saukewa, gama ruwan yana raguwa. Ban ga amfanin jefa kanwa don a rage lokaci ba: tana sauya ɗanɗano, tana kuma lalata wasu bitamin. A ƙarshe a tace da rariya mai ƙananan ido, domin saran mahauci yakan bar tsinin ƙashi da ba a gani.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi muhimmanci. Da yawa cikinmu mun tashi da tunanin cewa ƙarfin nama duka yana komawa cikin romo, don haka a zuba wa yaro romo a kan tuwo, tsokar kuwa ta tafi kwanon manya. Ba haka abin yake ba. Tun a 1934, masu bincike uku a birnin Landan, McCance da Sheldon da Widdowson, suka auna romon ƙashi irin wanda ake ba jarirai a lokacin, suka tarar abin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne. Sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi bai cika barin ƙashin ya shiga ruwa ba. Kofin madara yana da kusan miligiram 300, kofin romo kuwa bai kusanci haka ba. Jelatin ma ba ya maye gurbin tsoka, ƙwai ko kifi. Sinadarin da ke ƙara jini yana nan cikin tsoka da hanta. Cikin yaro ɗan wata 8 ƙarami ne, idan aka cika shi da ruwan romo, babu sauran wurin abincin da zai sa shi girma, sai uwa ta yi ta mamakin ramar ɗan da kullum yake shan romo.

Wannan bai sa romo ya zama banza ba. Yana buɗe wa marar lafiya baki, yana mayar da ruwa a jiki, yana kuma sa miyar kuka ko fate su yi daɗi ba tare da an tara dunƙule ba. A ɗauke shi a matsayin ruwan girki. Ga yaron da ya cika wata 6, a ɗebi nasa kafin a sa gishiri da yaji, a sassaɓe tsokar da ke manne da ƙashin, a daka ta da ɗan ɓargo, a dafa da dankali, wake ko zogale har ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. Nono kuma ya ci gaba.

Sauran magana ita ce ajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, romo kuwa yana cikin masu saurin lalacewa, balle a zafin Maris da Afrilu. Mai firiji ta raba shi a ƙananan kwanoni ya huce da wuri, ta yi amfani da shi cikin kwana 3 ko 4, muddin wuta ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Wadda ba ta da shi ta dafa daidai na yini, ta bar tukunya a rufe a kan garwashi da zafinta, ta sāke tafasa shi sosai kafin a sha. Idan ya kwana ya yi tsami ko ya soma kumfa, a zubar, domin akwai dafin ƙwayoyin cuta da tafasa ba ta kashewa.