Amsoshin Tambayoyinku: Daga Daji Zuwa Kujerar Mulki

Wani mai sauraronmu daga Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe ta jihar Sakkwato, yana tambaya: me ke wahalar da tsofaffin 'yan tawaye idan suka ci zaɓe?

To Malam, ba sai an je nesa ba, ga Agadas a Nijar. Mohamed Anacko na cikin jagororin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, kuma a 2011 aka zaɓe shi shugaban majalisar jihar Agadas. Tsofaffin mayaƙa da dama sun koma tuƙa Hilux, suna kai baƙin haure Libiya. Kwatsam dokar 2015 ta haramta sana'ar. Aka kama direbobi, aka tsare motocinsu suna shan rana da ƙura. Mutanen da suka sha wuya tare da Anacko suka zuba masa ido, alhali dokar daga Yamai ta fito, baitulmali ma yana can.

Sannan a daji umarni ake bayarwa, majalisa kuwa sai da lallashi. Gustavo Petro, tsohon ɗan ƙungiyar tawaye ta M-19, ya ci zaɓen shugaban Kolombiya a 2022, amma a 2024 kwamitin majalisar dattawa ya yi fatali da ƙudirinsa na gyaran harkar lafiya.